Yadda Dije Mai Banda Ta Zama Likitan Kifi a Gwandu

Duk wanda ya taɓa sauka a kasuwar Kalgo da yunwa ya san Dije mai banda. Ko bai san fuskarta ba, hancinsa ya san rumfarta. Sunanta na yanka Hadijatu, amma rabon da a kira ta da shi tun ranar ɗaurin aurenta, kuma ko a ranar sai da liman ya tambaya wace ce. 'Yar masunta ce gaba da baya. Ubanta ya rasu da ƙarnin taru a hannu, mijinta Mika'ilu ma haka, Allah ya jiƙansu. Ita kuwa tun tana 'yar shekara tara aka zaunar da ita gaban wutar banda, yau shekara hamsin da 'yan kai ba ta tashi ba. Hayaƙi ya dafa mata fata, ya ƙanƙance mata ido, ya bar mata murya irin ta namijin agwagwa. Harshe ne kaɗai bai taɓa ba.

In masunci ya kawo mata kifi, ba ta tambayar komai. Za ta ɗaga kunnen kifin da babban yatsa, ta leƙa, ta dubi ƙwayar ido, sannan ta gaya masa daga wace fadama ya fito, da lokacin da ya mutu, da yawan ƙaryar da yake shirin yi mata. A bayan gidanta akwai kwarmin siminti inda take ajiye tarwaɗa da karfasa da ransu kafin wuta ta samu wuri. A nan ta koyi halin kifi mai rai. Ta san mai lafiya, ta san mai jinya tun kafin ya kife ciki. Maganinta dai guda ɗaya ne a wancan zamanin, wuƙa. Wanda ya fara tangaɗi a ruwa, shi ke fara hawa wayar banda.

'Yarta ta fari, Mubaraka, tana aure a Gwandu, a wani tsohon gidan malamai inda littattafai suka fi tukwane yawa. Mijinta Siraju ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, suna zaune tare da iyayensa, Malam Lukuman da Hajiya Nana. Shekara shida da auren, Dije ba ta taɓa taka gidan ba. Ba faɗa aka yi ba. Kunyar 'yar fari ce, irin ta mutanen da: ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta a gaban mutane, in an ce yarinyar ta yi abin kirki sai ta kau da kai ta shiga gyaran wuta. Kifi dai take aikawa duk wata, mafi kyau a rumfa, ta ce wa direba wai ragowa ne da ya ƙi sayuwa.

Ana cikin azumin da ya faɗo a tsakiyar zafi, irin wanda ƙadangare ma ke tafiya a kan farce, sai ga Zulai dillaliya. Zulai maƙwabciyar su Hajiya Nana ce a Gwandu, tana yawo da atamfa kasuwa-kasuwa, labari kuma kyauta take ba da shi.

"Dije, kin ji abin da anka ce ɗiyarki ta yi?"

"Ba ni da ɗiya a Gwandu. Kifi nika aikawa."

"To ai kifin ne magana."

Ashe autan Hajiya Nana, Mu'az, wanda ke aiki can kudu, ya kawo wa uwarsa akwatin gilashi mai cin ruwa bokiti huɗu, da kifayen ado guda bakwai a ciki, da ɗan inji mai hura kumfa. Ya ce in ta yi kewarsa ta riƙa kallonsu. Hajiya ta ɗauki maganar da gaske. Akwai wani ja mai ƙaton ciki da doguwar wutsiya kamar mayafin amarya, shi ta raɗa wa suna Auta, tana yi masa hira, tana yi masa faɗa in bai ci abinci ba. Wankin akwati da ba su abinci kuwa aka ɗora wa Mubaraka, tunda 'yar gidan kifi ce. Wata huɗu lafiya lau. Da azumi ya kama sai kifi suka fara fesowa da fararen ƙuraje, biyu suka mutu, Auta ma ya kwanta.

"Yanzu Hajiya ta hana ta shiga falon," in ji Zulai. "Ta ce jinin masunta ne, hannunku bai san raya kifi ba, sai kashewa. Har a gidan suna an yi zancen. Wasu ma cewa suka yi miya taka so."

Dije ta juya kifin da ke kan waya, ta sake juya shi, ko da yake bai nemi juyi ba.

"Su wa suka ce miya?"

"Mutane."

"Mutanen nan suna sayar da atamfa?"

Zulai ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

To ga inda abin ya tsaya. Dije ba za ta tashi ta je gidan surukai ta kare 'yar fari ba, duniya sai ta yi mata dariya. Ba za ta kuma zauna a Kalgo sunan yarinyar yana yawo a gidajen suna ba. Sai ta ce wa Zulai, "Ki gaya wa Hajiya kin san wata tsohuwa mai duba kifi. In ta aiko, in zo. Wurin kifi zan zo, ba wurin kowa ba."

Hajiya ta gane ko wace tsohuwa ce, amma ta aiko washegari, don Auta ya daina cin abinci, kuma mai ciwo a hannu ba ya zaɓen likita. Siraju ya ce zai zo da babur ya ɗauke ta. Dije ta aika masa cewa ranar da za ta hau bayan surukinta ta riƙe masa kafaɗa, a tabbata an riga an yi mata wanka an sa ta a likkafani. Ta shiga motar haya ta Birnin Kebbi, ta sake wata zuwa Gwandu, da ƙullin gishirin buhu a bakin zane.

An yi gaisuwa mai tsawo, irin ta surukai, kowa na kallon tabarma. Mubaraka ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, ta rame, ta ce, "Inna, sannu da hanya." Dije ta amsa wa bango.

Aka kai ta falo. Akwatin na nan kan tebur, an lulluɓe shi da jan ƙyalle.

"Wanga fa?"

"Ƙyanda ce ta kama su," in ji Hajiya. "Mai ƙyanda ba ya son iska."

"Mi kunka ba su?"

"Na daka rabin ƙwayar zazzaɓi na zuba. Malam kuma ya yi musu addu'a."

"Addu'ar ta yi. Ƙwayar kuwa da kin sha abinki."

Ta yaye ƙyallen, ta ja tabarma, ta zauna kamar mai jiran mota. Abin da ta gani ba baƙo ba ne. Fararen ɗigo ƙanana, kamar an barbaɗa tsaki, a jiki da wutsiya da fiffike. Fiffiken a manne da jiki, ba a buɗe ba. Wani baƙin kifi ya zo ya goga gefensa da dutsen da ke ƙasa, ya yi tsalle, ya dawo ya sake gogawa. Auta kuwa yana can sama kusa da kumfa, kunnuwansa na bugawa da sauri, gefen wutsiyarsa ya yage wurin susa.

"Ba ƙyanda ba ce, Hajiya. Wasu 'yan ƙwari ne da ido bai gani, su ka shiga fata, shi ya sa suke susa. Mai rigar lahiya ba su iya shi. Sai kifi ya sha wuya jikinshi ya saki, sannan su samu ƙofa. Nakan gan shi a kwarmina in ruwan farko ya sauka da ƙanƙara, ruwa ya yi sanyi farat ɗaya."

"Yana da magani?"

Dije ta kwance bakin zane. Hajiya ta leƙa, ta ja baya, ta dafe ƙirji.

"Gishiri? Dije, saura barkono da daddawa."

"Da miya na zo yi da ban fara da wanga ba. Duk su biyar ba su cika ludayi."

Ta sa aka kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, har da dattin ƙasa da sauran ƙwayar Hajiya. Ta jiƙa gishiri a kofi sai da ya narke sarai, cokalin cin abinci ɗaya ga kowane bokiti, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kamar mai ba jinjiri ruwa. Amma ranta bai kwanta ba. Gishiri zai kori ƙwari, ba zai gaya mata abin da ya buɗe musu ƙofa ba. Ina kifin da ke cikin falo a Gwandu, a watan da bango ke ƙona bayan mutum, ya samu sanyi?

Ta tsoma gwiwar hannu a ruwan da azahar, ɗumi kamar ruwan wankan jego da ya huce. Ta tsoma da la'asar, haka. Rana ta yi ƙasa, gida ya cika da ƙamshin ƙosai, ana jin ƙarar kasko daga madafa inda Mubaraka ke fama ita kaɗai. Da aka ji takun maza, Dije ta tattara tabarmarta ta shige ɗakin da ke jikin falon, ta saki labule, kamar yadda ya kamaci suruka. Labulen dai yana da 'yar ɓula, kuma ba ita ta huda shi ba.

Siraju ne ya fara shigowa, da buhun ƙanƙarar shan ruwa a hannu, irin wadda ake daskarewa a leda. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya yage leda ɗaya ya sulala dunƙulen cikin akwatin, ya fice. Ba a jima ba Malam Lukuman ya biyo zai tafi masallaci, carbi a hannu ɗaya, ɗayan a cikin aljihun riga, aljihun na ɗiga. Ya saki nasa dunƙulen, ya ce a hankali, "Ku ma bayin Allah ne." Ladan na ɗaga murya sai ga Hajiya da kwanon sha. Ita ba ta waiga ba ma. Dunƙule biyu ta saka, tun kafin ta kai dabino bakinta.

"Sha, Auta, sha. Kai ka fara, ɗan albarka. Wanga zafi ko babba ya ji shi."

Bayan sallar magariba Dije ta fito ta tsoma hannu. Sai da ta janye shi. Kifayen sun taru a lungu guda, sun ƙame.

A gidan Zulai ta kwana, tana juya maganar a ranta. Da a rumfarta ne, da ta wanke su ukun tas ta shanya. Amma ta yaya baƙuwa za ta dubi Hajiya Nana a cikin gidanta ta ce ke ce? Ta yaya za ta ce wa malami guda aljihunka na ɗiga? In ta ja Hajiya gefe ta gaya mata a asirce, za a daina sa ƙanƙara, kifi su warke, a ce gishirin Dije ya yi aiki, sunan yarinyar kuwa ya ci gaba da yawo. In ta fito ta ce ɗiyata ba ta da laifi, a ce ai dama uwa ce. Al'ada ta bar mata hanya ɗaya tak da za ta yi zancen 'yar fari a gaban jama'a, wato zagi. Sai ta ce to, a yi da shi.

Washegari ta hana kowa shiga falon tun la'asar, ta ce magani ba ya son inuwar mutum. Ta kuma ce Zulai ta zo shan ruwa, don labari in ba a gaban Zulai aka yi shi ba, kamar ba a yi ba ne. Ta jira sai da aka sha kunu aka yi salla, saboda abin da za ta faɗa bai dace da bakin mai azumi ba. Mata na tsakar gida kan tabarma. Malam da Siraju na zaure, ƙofa a buɗe. Dije ta gyara murya yadda zaure zai ji.

"Hajiya, na gano ciwon. Wani ka jefa musu ƙanƙara da magariba. Kifi ba shi gumi, ba shi azumi, jikinshi bin ruwa yake. Ya wuni cikin ɗumi, a watsa mai sanyi lokaci guda, gobe a sake. Kamar a ɗauko ki daga gaban murhu a tsoma cikin randa, kullum, har kwana goma sha biyar. Shi ya kashe biyu, shi ka shirin kashe Auta."

Kofin Hajiya ya tsaya a hanya. A zaure an daina taunar ƙosai.

"Kuma na san mai yi. Wagga yarinya ce." Ta nuna Mubaraka da haɓa, ba ta dube ta ba. "Tun tana ƙarama ba ta da kai. Kun yi gaskiya da kunka ce hannunta. Ku yi haƙuri, laifina ne da ban horar ba. Gobe in tafi da ita Kalgo, ta zauna gaban wuta har bayan salla, ko ta yi hankali."

Mubaraka ta ɗago ido cike da hawaye. Zulai ta matso har gwiwarta na taɓa faranti.

Hajiya Nana mace ce mai son girma, amma ba azzaluma ba ce, kuma goman ƙarshe na azumi na bakin ƙofa. Wataƙila ma ta hango tuwon sallar mutum arba'in babu mai tuƙawa, wannan Allah ne masani. Ta ajiye kofi.

"A ina ta ga lokacin? Tun la'asar tana gaban kasko. Falon ma na hana ta shiga."

"To aljani ne kenan," in ji Dije.

"Ba aljani ba ne." Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ni ce. Tausayi ne ya kama ni. Na ga muna shan mai sanyi suna kallonmu."

"Ashsha. Dunƙule ɗaya dai ba ya yin wagga ɓarna."

"Biyu nika sawa."

"Ko biyu."

Can sai aka ji tari daga zaure, irin tarin da ba na mura ba.

"A ƙara ɗaya," in ji Malam Lukuman. "An ce akwai lada a shayar da duk mai rai. Ban bincika babin kifi ba."

"Baba, a ƙara da nawa ɗaya," in ji wata ƙaramar murya, ta Siraju.

Zulai ce ta fara fashewa, har kunu ya sarƙe ta. Hajiya ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ta juya wajen zaure ta ce, "Malam, ashe kai ne ka jiƙa mini aljihun riga kullum, ina zargin mai wanki."

Da dariya ta lafa, Hajiya ta kira Mubaraka ta zaunar da ita kusa da ita. "Ɗiyata, ki yafe mini. Gida guda mun taru muna kashe kifi da alheri, ke kaɗai ce ba ki sa hannu ba, ke munka kora." Sannan ta dubi Zulai. "Ke kuma, duk gidan da kika kai wancan, ki kai wanga."

"Har da aljihun Malam?"

"Ki bar aljihun."

Ba ta bar shi ba.

Dije ta tsaya kan bakanta cewa yarinyar dai ba ta da kai, sa'a ce kawai ta yi. Amma da za ta bar umarni, ba ta ba kowa ba sai bango, bangon da ke bayan Mubaraka. A riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan bayan kwana bibbiyu, a tsotse dattin ƙasa don a nan ƙwarin ke sauka su hayayyafa. Ruwan da za a zuba ya kwana a bokiti a gefen akwatin, ɗuminsu ya zo ɗaya. Gishirin da aka kwashe da tsohon ruwa kaɗai za a mayar, kada a yi ta tulawa. Abinci kaɗan. Ko ƙuraje sun ɓace a ci gaba har mako guda, don ɓacewarsu ba tafiyarsu ba ce. A cire dutsen nan mai kaifi. Wanda kuma tausayi ya kama, ya kai ƙanƙararsa masallaci.

Da safe Mubaraka ta rako ta har bakin zaure, ta ce, "Inna, na gode." Dije ta ce wa ƙofa, "A riƙa cin abinci. Mutum ya rame kamar kifin rani."

Baƙin nan mai yawan susa bai kai ba, ya mutu bayan kwana uku. Sauran huɗun suka tashi. Kafin jajibirin salla Auta ya wanke tas, yana yawo da yagaggiyar wutsiyarsa da ta fara haɗewa, yana cin rabonsa da na maƙwabta. Mu'az ya zo hutun salla, ya ƙirga kifi ya ga huɗu, ya tambayi ina ukun. Nan take Malam ya tuna yana da baƙi a zaure.

Zulai ta yi aikinta fiye da yadda aka sa ta. Yau daga Gwandu har Birnin Kebbi, duk mai akwatin kifi a falo ya san akwai wata tsohuwa a Kalgo. Suna zuwa rumfarta da hoto a waya, wasu da majinyacin kansa a cikin bokiti. Takan duba fata, ta duba fiffike, ta duba bugun kunne, amma tambayarta ta farko ba ta canzawa: "Wa ya fi son shi a gidan?" Ta ce daga nan ciwo ke fitowa, ko a cika shi da abinci, ko a wanke mai akwati da sabulu, ko a ba shi maganin mutane. Wanda ta ga ba ta gane ba takan ce ba ta gane ba, a kai wa likitan dabbobi. Wanda ta ga ba zai tashi ba kuwa, takan dube shi ta dubi wutarta, ta yi ajiyar zuciya, ta ce ƙanƙantarsa ta cece shi.

Gidan Malam Lukuman dai ba ta sake takawa ba. Kifin banda na zuwa duk wata kamar da, wai ragowa. Abin da ya ƙaru shi ne ɗan ƙullin gishiri a saman kwandon, da saƙon da direba ke isarwa yana danne dariya: a gaida Hajiya, a gaida Auta, a duba aljihun Malam.